Ranar da Idona Ya Ƙi Haske

Ina aji uku a firamare idona na hagu ya yi jajur, ko ɗan haske na gani sai hawaye. Da la'asar muka dawo daga asibitin ido, Baba ya zaunar da ni a ɗakinsa a gidanmu na Kurmin Mashi, ya saki labule. Bakanike ne, ya wanke hannu da sabulu amma warin baƙin mai bai fita ba.

Na ce, "Baba, wani abu ne ya faɗa mini a ido?"

Ya ce, "Babu abin da ya faɗa. Likita ta ce ƙwayoyin da ke kare jikinki ne suka rikice, suka far wa idon kamar ba su san shi ba. Maganin nan lallashinsu zai yi."

"To, zan makance?"

Ya buɗe kwalbar maganin zai ɗiga mini a ido, ɗigon farko ya sauka a kumatuna.

"In Allah ya yarda, a'a. Ɗaga kanki, Mamana."

Idon ya tsira, ko da yake da tabarau nake karatu. Sai da na haifi nawa na gane cewa a ranar Baba ya fi ni jin tsoro.