Jajayen Takalma

Wata 'yar fatalwa ta fara tangaɗi a tsakiyar zauren makaranta, tana riƙe maƙogwaro. Iyaye suka ɗauki tafi.

"Kai, wannan ta iya wasa," in ji wani uba mai hular mayu.

Matar da ke raba lemo ba ta tafa ba. Bikin Halowin ne, na shigar ban tsoro da rabon alewa, yara goma sun lulluɓa da fararen zannuwa iri ɗaya. Shi ya sa ta sanya wa 'yarta jajayen takalma, ta kuma tantance alewar jakarta ɗaya bayan ɗaya, don ko ɓarin gyaɗa toshe mata numfashi yake yi.

Takalman fatalwar jajaye ne.

Ta ture teburi, ta zaro allurar gaggawa, ta caka mata a cinya ta saman zanen. Numfashi ya dawo da ƙyar. Ta yaye lulluɓin, sai ga 'yar maƙwabta, wadda madara ke kumbura wa baki.

"Mama, musaya muka yi," in ji wata murya a bayanta. "Takalma da jaka duka."

Ta waiwaya. Allurar ɗaya ce tak, ga ta fanko a hannunta, 'yarta kuwa tana tauna alewar ɗaya jakar.