Su Wa Ke Dariyar Nan?

Da la'asar aka kawo wuta a gidanmu na Dutse, muka kunna talabijin. Kakata Iya ta zo daga Miga, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa a ƙwarya. Autanta, Baffa Sale, soja ne. An tura su fagen daga tun kafin damina, shiru ba labari.

Wasan Turawa ake yi, na likitocin soja a asibitin tanti. Aka shigo da wani yaro jina-jina. Likitan ya faɗi wata magana, sai dariyar mutane da yawa ta ɓarke daga cikin talabijin ɗin. Ni ma na taya su, alhali ban ji Turancin ba.

Iya ta ajiye ƙwaryar. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Ke, su wa ke dariyar nan?"

"Iya, wasa ne fa. Haka ake sa ta."

"Wa ya sa ta? Likitan bakinsa a ɗaure yake da ƙyalle. Yaron kuwa ko motsi ba ya yi." Ta leƙa bayan akwatin, ta dawo. "A bayan tanti suka laɓe. Ɗan wani yana kwance cikin jini, ka ɓuya kana dariya? To, su suka harbe shi."

Ta hana a kashe talabijin ɗin sai ta ga fuskar yaron. Har aka gama ba a nuna ba.

Yanzu aikin jinya nake yi. Ina kan mara lafiya in na ji dariya daga baranda, hankalina ba ya kwanciya sai na leƙa na ga fuskar mai ita.