Moɗar Iliya

Wata rana da la'asar, Inna na tsintar shinkafa a tsakar gida, sai mai jirgin ruwa na garin Garu ya yi sallama. Shi ne ya loda albasa fiye da kima, jirgin ya kife da yayana Iliya a kogin Kwara. Jandarmomi sun tsare shi, suka sake shi. Zamanin soja ne, ba mai tambayar dalili.

Ya durƙusa a bakin ƙofa. A gidanmu ba a jin ta bakin baƙo sai ya sha ruwa. Inna ta ce, "Ɗiyata, ɗebo mishi da moɗar Iliya."

Shuɗiyar moɗar nan, ba wanda ya taɓa ta tun ranar jana'iza. Na ce, "Inna, wannan mutumin?"

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Yesu bai jira na cancanta ba kahin ya yahe min. Tahi."

Na kai masa. Ya sha yana kuka, hawayen Inna na ɗiga cikin shinkafa.

Yau na yi furfura, ba na fashin majami'a. Ruwan dai na kai masa. Yafewar ce har yau ban iya ba.