Muryar Aling Lumen

Tun ranar Laraba Aling Lumen, wato Inna Lumen, take kwankwaɗar ruwan citta, ba ta yi wa kowa magana. Washegari za ta fara pabasa, karatun wahalar Yesu da muke rerawa ba tsayawa har la'asar ɗin Juma'a. Shekara talatin da ɗaya ke nan da ta ɗaukar wa Allah wannan alkawari, tun ranar da teku ta dawo mata da mijinta Restituto da rai. In karatu ya yanke, alkawari ya karye, kuma ta tabbata tekun ba ta manta da shi ba.

Mace ce mai tsari. Bara da 'yarta ta zo hutu daga Katar ta ɗaga waya tana ɗaukar karatun, sai da ta sha mafici a ka. "Maganar Allah ba karaoke ba ce," in ji Lumen.

Bana masu karɓar ta karatun in ta gaji sun ƙare. Biyu sun mutu, ɗaya ta koma cocin masu kaɗa jita, 'yan mata kuwa bakinsu ba ya buɗuwa sai an zubo kunun shinkafa. Lumen ta sa aka rataya labule gaban bagadi, wai idon jama'a na raba mata hankali. Ta sa Restituto ya ja mata wuta har ciki, saboda fanka.

Ranar Alhamis muryarta kamar ana kankare tukunya. Da safiyar Juma'a sai ga ta tangaran daga lasifika, har masu wucewa suna yin alamar gicciye.

Maƙwabciyarta Aling Petang, wadda nata karatun ya mutu shekara huɗu baya, ta zauna kusa da Restituto.

"Pare, abokina, me kake ba matar nan? Ta haura saba'in, ko ruwa ba ta nema."

"Kifi."

"Har tarin da ta yi bara wajen sumbar Yahuza, shi ta yi yanzu. A baiti ɗaya."

"Haka take, ba ta canza komai," in ji shi, yana kallon ƙafarsa.

Fada, limamin cocinmu, ya iso da hantsi, aka ba shi kujera. Ya saurara ido rufe, ya ce wa 'yan matan su ajiye wayoyinsu su ga yadda bangaskiya take riƙe tsohuwa.

A cikin karatun, Bitrus ya yi musun sanin Yesu karo na farko. Ya yi na biyu. Kafin zakara ya yi cara muryar ta yanke, muryar wata yarinya mai fara'a ta fito daga lasifika ta cika unguwa da labarin sabulun da ke fitar da kowane irin tabo.

Petang ta ja labulen. Ga Lumen a durƙushe, maƙogwaro naɗe da tawul, ta kanga wayar da 'yarta ta bar mata a bakin makirfo, ta kunno karatun bara da 'yar ta ɗora a intanet, tana dangwalar fuskar wayar da yatsa tana neman inda ake tsallake talla.