Notin Da Tela Bai Nema Ba

Ga ta nan, ga ta nanku. In kun ce ta zo mu ji ta, to ku gyara zama, ba mai tsawo ba ce.

An yi wani tela, mutum mai natsuwa da tsabtar aiki, wanda shekara ashirin bai taɓa kai kekensa na ɗinki wurin gyara ba, shi ke kwance abinsa ya mayar. Da yayansa zai tafi aikin Hajji, sai ya kawo motarsa ya ajiye a ƙofar gidan telan. Ya ce amana ce, ya riƙa tayar da ita duk bayan kwana biyu don kada batir ya mutu. Motar nan ita ce abincin gidan yayan, da ita yake ɗaukar 'yan kasuwa zuwa ƙauyuka.

Tela yana tayar da ita, sai ya lura tana wani siririn fito kamar buta a kan wuta, tana kuma kakkarwa. Ya kira wani bakanike maƙwabcinsa ya saurara. Bakanike ya ce gaskit ɗin manifol ne ya ci, wato shimfiɗar da ke tsakanin inji da bututun nan mai rassa huɗu da ke shigar masa da iska. Ya ce a kawo gareji. Tela kuwa ya ƙudura a ransa shi zai gyara da hannunsa, yaya ya dawo ya tarar da mota lafiya lau, ya zama tukuicin amana.

Ranar Asabar da hantsi ya buɗe bonet a inuwar darbejiya. Kuma kada ku ce garaje ya yi. Kowane tiyo da kowace waya sai da ya sa mata alama da allin ɗinki kafin ya cire. Ya kwance noti takwas, ya jera su a saman inji. Da ya ɗago manifol ɗin, gwiwar hannunsa ta taɓa jerin, notuna suka watse. Ya tsince su, sannan ya toshe ramuka huɗun da suka bayyana a jikin inji da ƙyallaye, yadda bakanike ya taɓa faɗa masa. Ya kankare tsohon gaskit, ya goge wurin tas, ya zare ƙyallayen, ya ɗora sabo, ya mayar da manifol.

Da ya zo ɗaurewa, noti bakwai ya gani. Ya duba ƙarƙashin mota, ya tona yashi da ɗan yatsa, babu. Matarsa da ta kawo masa ruwa ta ce ko ta share wurin a tankaɗe ƙasar. Ya yi dariya ya ce a shagonsa maɓalli nawa ke faɗuwa a yini, wa ya taɓa tsayar da ɗinki don neman maɓalli? Ya shiga ciki ya zazzage gwangwanin da yake tara tarkace, ya sami wani noti daidai wa daida, ya ɗaure. Ya bi takwas ɗin da sifana a hankali, daga tsakiya zuwa gefe. Aiki ya yi kyau, ko bakanike sai haka.

Ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Mota ta tashi sumul, babu fito, babu kakkarwa. Murmushi bai gama sauka a fuskarsa ba sai cikin inji ya ɗauki ƙara, kamar maƙera uku sun haɗu a kan uwar maƙera ɗaya. Motar ta yi wata girgiza, ta mutu. Kaji suka watse, matar ta saki kwanon ruwa, maƙwabta suka fito suna salati. Shi kuwa tela yana zaune, hannunsa a kan makulli, bakinsa a buɗe, ya kasa ko sauke ƙafa.

Washegari bakanike ya ɗage kan injin. Ya daɗe yana kallo. Fistin ɗaya, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, ya fashe, bawul biyu masu buɗe wa iska hanya sun lanƙwashe, bangon ramin fistin ɗin ya tsage. Ya sa filaya ya ɓanɓaro wani ɗan ƙarfe da ya baje kamar kwabo.

"Malam tela, noti nawa ka cire?"

"Takwas."

"Nawa ka mayar?"

"Takwas, wallahi."

"To ga na tara."

Ashe lokacin da notuna suka watse, ɗaya ya gangara cikin ramin iska, ya kwanta a bayan bawul yana jiran a tayar. Bakanike ya ce maɓalli in ya faɗi ƙasa yake zuwa, amma a inji abin da ya ɓace yana nan a wani wuri, kuma ba a murɗa makulli sai an san wurin.

Bayan kwana uku jirgin alhazai ya sauka. Tela ya je tarye a motar haya. Yaya ya rungume shi, ya waiga dama da hagu, ya ce, "Ƙanena, ina ka ajiye motar?" Tela bai iya ɗaga kai ba. Ya kamo hannun yayansa, ya buɗe tafin, ya ajiye masa ɗan ƙarfen nan da bai kai girman maɓalli ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya shige rami.