Kwamfutar da Ta Ƙi Ruth

Lokacin da Hajiya Ma'u ta kira, Injiniya Babaji ya riga ya sa hula, jakar kayan aikinsa tana bakin ƙofa. Ya bar wayar ta yi ta ƙara kafin ya ɗauka. Matar da ta sallame shi daga aiki a asibitinta ce yau take tambayarsa iyali da gajiya, murya ƙasa-ƙasa. Kwamfutar asibitin ta mutu.

Tsohuwar na'ura ce mai aiki da manhajar Yuniks, irin wadda ko kayan gyaranta an daina kawowa. Babaji ne ya kafa ta tun asibitin bai fi shago ba. Da hannunsa ya tsara mata komai: yadda katin maras lafiya zai fito, wace firinta ke buga sakamakon jini, wace nas ke da izinin ganin me. Duk Juma'a yakan kwashe tsarin gaba ɗaya a kaset ya kulle a durowa. Sai wata rana Hajiya ta ce ya tsufa, ta ɗauko wata yarinya 'yar Filato mai digiri, Ruth, ta ba ta kujerarsa.

Ya taho daga unguwarsu ta Kambarawa a hankali, har ya tsaya sayen goro.

Barandar asibitin ta cika. Wata Bafullatana daga Batagarawa tana rungume da jariri mai zazzaɓi, tun safe take jiran sakamako. Wani dattijo mai ciwon suga yana zaune a ƙasa, an rasa wanda ya tuna adadin allurarsa. Babaji ya tsallake ƙafafunsu ya wuce.

A ɗakin kwamfuta, Ruth ta miƙe ta gaishe shi, idanunta sun yi ja. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta sa kaset ta maido da komai, na'urar ta tashi lafiya, kafin a buga kati ɗaya ta goge kanta. Ta gwada kaset na wani makon, haka aka yi. Ta canza faifan ciki, ba ta sauya zane ba. Tana zargin matsalar a cikin tsarin kansa take, da za a ba ta lokaci ta bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya.

Babaji ya dube ta daga sama har ƙasa, ya tofar da tukar goro a kwandon shara.

"Karatu za ki zauna yi, ɗiyata, mutane na mutuwa a baranda?"

Hajiya ta harare ta. Ruth ta matsa gefe.

Ya zauna a kujerar, ya gyara tsayinta yana tsaki. Bai zaɓi kaset ba, wanda hannunsa ya taɓa ya sa. Ya ce kowa ya ja baya, sun tare masa haske. Kaset ya yi ta juyawa har ya ƙare. Da na'urar ta fara tashi sai ya tsayar da ita a tsakiya, ya buga wani abu gajere, ya share allon, sannan ya sake ta.

Firinta ta yi kuka. Nas ta fizgi takardar ta ruga baranda.

Hajiya ta tambaye shi me ya faru tun farko. Ya ɗaga kafaɗa.

"Ba mugunta ta yi ba, Hajiya. Rashin sani ne. Injin ga ba na yara ba ne."

Kafin la'asar an sallami Ruth. Ta haɗa kayanta a leda, ta tsaya a bakin ƙofa, cikin ladabi ta roƙe shi ya gaya mata abin da ya buga, ko don gaba.

"Sunana," in ji shi.

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Ruth ta sunkuyar da kai ta fita.

Hajiya ta raka shi har mota tana roƙonsa ya dawo bakin aikinsa, ko da leƙowa ce lokaci-lokaci. Ya ce zai yi shawara, ya ja ƙofa ya rufe tana tsakiyar magana.

Ba ya gaggawa. 'Yan layukan umarnin da ya ɓoye a cikin tsarin tun ranar da ya kafa shi suna nan a kowane kaset: duk sa'ad da watanni suka shuɗe Babaji bai shiga da sunansa ba, na'urar ta goge kanta.