Tudu na Bakwai

Itatuwan rumman shida ne a gidan Tolib, amma tudu bakwai ne a tsakar gidan. Shohista takan ƙirga su kowace safiya ta tagar ɗakin girki, kuma duk tsawon hunturu ba su taɓa komawa shida ba.

Rumman ne na ado, mai jan fure kamar garwashi, ba ya 'ya'ya. Da kaka ta ƙare aka lanƙwasa itatuwan ƙasa kamar yadda kowane gida yake yi, aka lulluɓe su da kara, aka bi da ƙasa don kada ƙanƙara ta kashe su. A ranar ne Tolib da ɗansa Sanjar, mijin Shohista, suka yi cacar bakin da har maƙwabta suka ji.

"In ka sake ɗaga wa matarka hannu a gidan nan, ko ni ko kai," in ji tsohon, da shebur a hannunsa.

Bayan kwana biyu babu Sanjar, kuma tudu ya ƙaru. Abin da unguwa ta sani shi ne ya tafi Rasha neman aiki, kamar sauran samari. Bai taɓa kira ba.

A makon ne Tolib ya tura ta gidan iyayenta kwana uku, wai likita ya duba mata hannunta da ya kumbura. Da ta dawo, ƙasar tudu na bakwai ta fi ta sauran duhu. Tun daga nan tsohon ya rage magana. Yakan tsaya a gefen tudun bayan sallar la'asar, ya daɗe, sannan ya juyo ya dubi tagar. Ita kuwa sai ta ja da baya. Tana miƙa masa shayi da hannu biyu, ba ta yarda idonsu ya haɗu.

Bayan Nauruz, bikin ƙarshen hunturu, ƙasa ta yi laushi, ranar buɗe rumman ta zo. Maƙwabta uku suka zo gayya. Shohista ta aza shinkafa da karas a wuta, ta shimfiɗa gurasa a rumfa, amma kunnenta yana tsakar gida.

Itace na farko ya tashi, rassansa a tanƙware, da jajayen tofo. Na biyu. Na uku ya ɗan ci sanyi, aka sare masa kai.

"Malam Tolib," in ji Ergash, maƙwabcinsu mai barkwanci, "shida muka binne da hannunmu. Ko haihuwa suke yi a ƙarƙashin ƙasa? In haka ne ka binne mini tunkiyata baɗi."

Aka yi dariya. Tolib bai yi ba.

Na biyar. Na shida. Shinkafa ta fara kamawa, Shohista ba ta ji ƙaurin ba. Ta fito ta tsaya a bakin rumfa, da butar shayi a hannunta.

"Amarya, zo ki karɓi shebur, ke za ki buɗe na ƙarshe," in ji Ergash. "Ko hannun bai warke ba?"

Ta girgiza kai. Ta dubi surukinta, ko zai hana. Tsohon ya ɗaga haɓa, alamar a tona.

Shebur ya shiga. Ya sake shiga. A karo na uku ya taɓa wani abu mai laushi, Ergash ya durƙusa ya sa hannu. Buhu ne. Ya jawo bakinsa.

Butar ta faɗi.

Ƙaramin dashen rumman ya miƙe daga cikin karan, siriri kamar bulala, saiwarsa ta riga ta kama.

"Au, dama jika ka ɓoye mana!" in ji Ergash. Suka kakkaɓe hannu suka nufi rumfa, suna tsokanarta kan ƙaurin shinkafa.

Shohista ta tsaya tana kallon dashen. Tolib ya ɗauko butar, ya share ta da gefen rigarsa, ya sa mata a hannu. Muryarsa ba ta wuce su biyu ba.

"Ki riƙa ba shi ruwa. Ba mai tona ƙarƙashin itacen da ke fure."

"Baba..."

"Ramin da kika haƙa wa Sanjar ko gwiwa bai kai ba, 'yata, sai da na ƙara masa tsayin mutum."